Daga Sikelin Auduga Zuwa Ramin Zinariya: Ƙofar Wa Talakan Zamfara Zai Buga?

Direbobin da ke bin hanyar Funtua zuwa Gusau sun riga sun saba da wani abu wanda a da ba a san shi ba a wannan yanki. Mota tana cikin tafiya, an wuce Yankara an shiga ƙasar Tsafe, sai a tarar da motoci sun yi cirko-cirko, an gindaya itatuwa da duwatsu a kan kwalta, mata da yara da tsofaffi sun zazzauna a tsakiyar titi. In ka tambaya sai a ce maka mutanen wani ƙauye ne, 'yan bindiga sun shigar musu da dare, sun kashe na kashewa sun kwashi na kwasa, shi ne suka fito su tare hanya ko hukuma ta ji kukansu. Haka ake yi a Tsafe, haka kuma ake yi a ƙasar Bunguɗu. Bayan 'yan sa'o'i wani babba ya zo ya ba su haƙuri, a janye itatuwa, motoci su wuce, kowa ya koma inda ya fito da tsoronsa.

Wannan al'amari ya jawo muhawara a tsakaninmu, musamman a zumuntar matasa da kuma hirar da akan yi a gindin bishiya bayan an tashi daga sujada. Wasu daga cikin 'ya'yanmu da suka yi karatu mai zurfi suna cewa tushen abin duka jari-hujja ne, wato 'yan tsirarun kamfanoni da attajirai sun tattare arzikin ƙasa sun bar saura da hamma. Sukan kawo rahoton ƙungiyar Oxfam na 2017, wanda ya ce dukiyar mutum biyar da suka fi kowa arziki a Nijeriya ta kai kusan dala miliyan dubu 30, su jera shi da lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2019, wanda ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara suna cikin talauci. Wasu kuma su ce a bar kamfani ya sha iska, ina ma kamfanin yake a Zamfara balle a zarge shi, ai ɓarayin gwamnati ne suka kashe mu. Dattawa kuwa tasu tambayar dabam ce. Sukan ce mu da muke 'yan kaɗan a jihar nan, me ya kai mu tsakiyar titi?

To, wannan gardama ta girmi yawancin masu yin ta, kuma ƙasar nan tamu tana cikin wuraren da aka fi gwada ta a aikace. Saboda haka muka ga ya kamata mu bi ta daga farko.

Kamfanin da ya fara yanka wa manomin wannan yanki farashi daga nesa shi ne BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchesta a 1902 domin su sami auduga mai araha. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, domin kwasar auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi, kuma a kan wannan ciniki ne Gusau ta bunƙasa, da gidan gurzar audugarta da kantunan Turawa. Tsofaffinmu suna iya tuna yadda ake yi a fuloti. Manomi ya kawo kaɗarsa a kan jaki, malamin auduga ya damƙa ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a ɗora a sikeli, akawu ya rubuta abin da ya ga dama, ba dama a yi musu domin babu wata kasuwar da aka yarda a kai ta. Ga shi kuma daidai lokacin ne ake karɓar haraji, dole a sayar ko farashi ya yi daɗi ko bai yi ba. Abin lura a nan shi ne, Baturen kamfani bai taɓa zuwa ƙofar gidan manomi ba. Dagaci ne yake zuwa, da dogari, da ɗan kamasho. Daga 1949 kuma hukumar ciniki ta gwamnati ta karɓi aikin yanka farashi, tana saye da araha tana sayarwa a waje da tsada, rarar kuwa wani sashe ya gina makarantu da masana'antu a Arewa, wani sashe ya bi hannun masu mulki.

Shi ya sa lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano da abokansa suka fi auna En'e da sarakuna fiye da kantunan Turawa. Sun san bayan talaka bulalar dogari ya sani.

Muhawarar Zariya da jinin Bakalori

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kuɗin mai ya karye aka shiga layin madara da sabulu, malaman Jami'ar Ahmadu Bello masu ra'ayin talakawa sun yi wata zazzafar muhawara a tsakaninsu, wadda kusan ita ce matasanmu suke maimaitawa ba tare da sun sani ba. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya ce ciwon Nijeriya shi ne 'yan tsakiya, wato dillalai da 'yan kwangila da masu sayar da shawara, mutanen da ba sa ƙera ko allura, sai dai su tsaya tsakanin baitulmali da kamfanonin waje su yi ta yankar rabonsu. Su kuma irin su Dokta Yusuf Bangura da Bjorn Beckman, wani masani ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar a Zariya, suka ce wannan bayani bai kai ga saiwa ba. A ganinsu ko da an kama kowane ɓarawo, muddin dai riba ce ke jan ragamar komai, kuma masana'antunmu sai an shigo musu da komai daga waje, to ma'aikaci da manomi za su ci gaba da ɗaukar kayan. Suka ƙara da cewa attajirin gida ba yaron Bature ba ne kawai, shi ma ɗan jari-hujja ne mai cin gashin kansa.

Wanda yake so ya auna waɗannan maganganu biyu, ya kama hanyar Sakkwato daga Gusau, ya wuce Bunguɗu da Maru ya nufi Talatar Mafara. A can ne aka datse kogin Sakkwato aka gina madatsar ruwa ta Bakalori tsakanin 1974 da 1978. Kamfanin Impresit na Italiya, wanda ke da alaƙa da FIAT, shi aka ba kwangilar. Ruwa ya cinye garuruwa da fadamu, aka tayar da dubban mutane. Waɗanda ke ƙasan dam kuma aka shigar da katafila gonakinsu, aka tumɓuke itatuwan amfani, aka hana su shuka damina bayan damina wai ana daidaita ƙasa domin noman rani. Diyya kuwa ta zama abin da ta zama, mai gona ya rasa, wanda bai taɓa riƙe fartanya a wurin ba sunansa ya fito a takarda. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, suka tsayar da komai. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje a ƙauyuka irin su Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. 'Yan adawa da masu bincike sun ƙirga fiye da 380.

To wa ya yi gaskiya, Bala Usman ko su Beckman? A namu ganin Bakalori ta ba kowannensu rabin gaskiya. Kamfanin ya karɓi kuɗinsa, domin a kan aiki ake biyansa, ba a kan ko manomi ya girbe wani abu ba. Amma wanda ya murɗe takardar diyya ɗan gida ne, wanda ya ba da umarnin harbi ɗan gida ne, yatsan da ya ja kunama ma na ɗan talaka ne. Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da gonar inabin Nabot a Littafin Sarakuna na Fari sura 21. Sarki Ahab ne ya yi kwaɗayin gonar, Yezebel ce ta rubuta wasiƙu, amma dattawan garin Nabot da manyansa, mutanen da suka san shi suka san ubansa, su ne suka nemo shaidun zur suka sa aka jajjefe shi. Da sun ƙi, da wasiƙar ta zama takarda kawai.

Ko a cikin jam'iyyar PRP an yi irin wannan rabuwar kai a wancan lokaci, aka sami 'yan Taɓo da 'yan Santsi a kan yadda za a zauna da gwamnatin NPN. Duk da haka gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali a 1979. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lokacin da kamfani yake da ƙofa

Masaƙar Gusau, wato Zamfara Textiles, an kafa ta a shekarun 1960, kuma shekara da shekaru tana cikin manyan wuraren da ke ɗaukar ma'aikata a duk wannan yanki. Da yawa daga cikin majami'unmu na Gusau da ma'aikatanta suka cika, mutanen kudancin Zariya da Zuru da Filato da Binuwai, suna tsaye a gaban inji ɗaya da 'yan'uwansu Musulmi na Tsafe da Bunguɗu da Ƙaura. Ba mu ce aikin aljanna ba ne. Akwai ƙurar auduga mai shiga ƙirji, akwai aikin dare, albashi kuma bai taka kara ya karya ba. Amma kamfanin yana da ƙofa, yana da manaja mai suna, yana da littafin albashi. Ma'aikata kuma suna da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa mai hedkwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya riƙe sakatarenta tun daga 1982, ana zama da masu kamfani a yi ciniki a sa hannu. In an taɓa mutum ɗaya, dubu suna iya kashe inji. Wannan shi ne ƙarfin da talakan birni ya taɓa samu a Gusau.

Yadda abin ya rushe sananne ne. Shirin SAP na Janar Babangida a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da rini suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga mai hedkwata a Funtua ba tare da an kafa wani abin da zai kula da iri da ingancin kaɗa ba. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar ƙasar Sin ta malalo ta iyakar Nijar, ga rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, ta Gusau ma injinanta suka yi shiru. Yau waɗanda suka sha zagin kamfani a dandalin ranar ma'aikata su ne suke roƙon Allah ya kawo mai zuba jari. Ba abin dariya ba ne, domin yunwa ba ta san aƙida ba.

A nan ne muke ganin matasanmu masu cewa kamfani ne abokin gaba suna bukatar su sake duba lissafinsu. Kamfani ya tafi, amma ikonsa bai faɗo hannun talaka ba. Ya koma hannun waɗanda ba su da ƙofa.

Ɗauki zinariya. Da farashinta ya haura dala 1,000 kowane oza a wajen 2009, matasan ƙauyuka suka bar gona suka shiga rami. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙasashen Anka da Bukkuyum cike yake da dalma, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Wane kamfani za a kai ƙara? Mai haƙa ya sayar wa ɗan sikeli a bakin rami, ɗan sikeli ya sayar wa dillali a gari, daga nan ta bi mota ko jirgi. Ƙungiyar SwissAid ta lissafa cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinariya fiye da tan 435 daga Afirka, mafi yawanta zuwa Dubai. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019, tana cewa akwai hannun masu haƙa a cikin ta'addanci, ta ɗage haramcin a Disamba 2024. A tsakanin nan ramukan ba su rufe ba, sai dai mai bindiga ya zama shi ne mai lasin. A 2025 kuwa oza ta wuce dala 4,000.

Sai kuma mu dawo kan haraji. Abin da su Malam Aminu suka sha ɗauri a kansa, abin da Rimi da Balarabe suka soke da alƙalami, shi ne 'yan bindiga suka dawo da shi da bakin bindiga. A ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu sai an haɗa kuɗi kafin a yi shuka, a sake haɗawa kafin a yi girbi, wani lokaci ma a tafi a yi wa ɗan ta'adda noma kyauta, wato aikin tilas ke nan irin na zamanin En'e. A Yuli 2022 har sarautar Sarkin Fulani aka naɗa wa Ado Aleru a masarautar 'Yandoton Daji, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da sarkin. A Afrilu 2023 aka kwashe mata da yara kimanin 80 na Wanzamai da suka je itace. A Satumbar wannan shekara aka shiga Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu aka ɗebi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Manyan kamfanoni kuwa suna nan a cikin kuɗin siminti da taki da katin waya, amma ofisoshinsu suna Legas da Abuja, ba mai iya zuwa ya tsaya musu a ƙofa daga Kwatarkwashi. Titi kaɗai ya rage wa talaka, shi ya sa yake tare shi, alhali kuwa wanda yake tarewa ɗin direba ne da fasinja, talakawa irinsa.

Mu da zanga-zanga

Tsoron dattawanmu ba na banza ba ne. A Afrilu 2011 zanga-zangar da aka fara a kan sakamakon zaɓe ta rikiɗe ta zama ta addini a jihohi 12 na Arewa har da Zamfara, mutum fiye da 800 suka hallaka, aka ƙone majami'u da masallatai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bala Usman ɗin nan ya rubuta littafi a 1987 a kan yadda masu mulki ke murɗa addini domin su raba talakawa, kuma mun ga hakan da idonmu. Bugu da ƙari, zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, wadda ta biyo bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, ta nuna abin da ke faruwa idan taro ba shi da shugaba. A Gusau ma jama'a sun fito. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Arewa, kuma a Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a kotun Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi don yunwa kafin Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Kuɗin mai kuwa bai koma inda yake a da ba.

Amma wanda ya ce mai bi ba ya fita titi sam, shi ma ya wuce gona da iri. Bishop-bishop na Katolika da kansu sun sa baƙaƙen kaya sun yi tattaki a Abuja ranar 1 ga Maris 2020 a kan kashe-kashe, ba a fasa ko gilashi ba. Kuma a cikin jihar nan akwai misalin kukan da aka ji. Bayan bala'in dalma gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin share gubar daga Bagega, sai kuɗin ya maƙale. Wasu matasa 'yan Nijeriya da suka kira shirinsu Follow the Money, tare da MSF da Human Rights Watch, suka riƙe magana ɗaya tak, wato ga kuɗin da aka ambata, ga ƙauyen, yaushe za a sake shi. A Janairu 2013 Shugaba Jonathan ya ba da umarnin sakin kuɗin, aka kankare ƙasar Bagega, yara suka fara samun magani. Bukatar ɗaya ce, an san ofishin da ke riƙe da ita, kuma akwai masu bin sawu bayan an tashi daga taro. Haka ƙungiyar masaƙa take aiki a da. Inda babu irin wannan matsi kuwa, dubi albashi mafi ƙanƙanta na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019, sai a 2024 ma'aikatan Zamfara suka fara ganinsa, shekarar da tarayya ta koma 70,000.

Tun da an ɗage haramcin haƙar ma'adinai, kamfanoni masu takarda za su dawo, kuma a namu ra'ayin gara su da mai bindiga, domin su aƙalla suna da ƙofa. Sai dai kada mu bari a maimaita Bakalori. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar kanta a hannun gwamna, saboda haka mai gona yana iya wayar gari ya ji an ba wani lasin a kan gonar kakansa. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasin haƙa ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da al'ummar wurin kafin ya fara aiki, kuma akwai ofishin rajistar ma'adinai a Abuja inda ake ajiye sunan duk wanda aka ba wuri. Ƙungiyoyin manoma, da zumuntar mata, da matasanmu masu ilmin nan da suka iya kawo lissafin Oxfam, tare da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda gonakinsu ke iyaka da namu, suna da ikon su tambayi hakimi da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce: wa aka ba wuri a ƙasarmu, eka nawa, wa ya sa hannu a madadin gari, kuma ina kwafin yarjejeniyar?